Mai Awon Zafin Jan-baki

Maƙaryaci ya ce da ni, a gindin kukar ƙofar gidan maigari, bayan la'asar, gaban duk wanda ya fito daga masallaci. Ya ɗaga kayena, littafin da nake rubuta awo, sama da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera a rumbu, ya ce duk lambobin da ke ciki daga kaina na ƙaga su. Abin da ya yi mini ke nan. Bai doke ni ba, bai zagi uwata ba. Da dukan ya yi, da yanzu na manta inda ya yi ciwo.

Ba zan kama sunansa ba, bai kai ba. Shef muke ce masa, don tun ranar da ya sauko daga mota ya ce haka za a riƙa kiransa. Ɗan birni ne, ya yi karatun noma a Yamai, yana da takarda mai hatimi da wandon tergal da takalmi ƙafa-ciki wanda yake kaɗe wa ƙura da hankici sau goma a wuni. Karatun noma fa, amma har muka rabu ban ga hannunsa a kan hauya ba.

Ni kuwa shekara biyar na yi a lakwal, makarantar boko, a Magariya. Saura shekara guda in yi sartifika mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba, na dawo ƙauyenmu da ke gabas da Dogo-Dogo, ban koma ba. Karatun bai isa a ba ni kujerar akawu a biro ba, amma ya isa in karanta wasiƙa. Bayan babban farin nan rabin samarinmu sun tsallaka Kano, wasu har Ikko, kuma duk takardar da ta shigo garin, da boko aka rubuta ta ko da Faransanci, ta hannuna take bi. Ni na fara sanin wanda ya yi aure a can bai gaya wa uwarsa ba sai a layin ƙarshe, da wanda aka ɗaure, da wanda ba shi da niyyar dawowa. Ba a biyana, sai dai goro. Amma mutum zai zauna gabanka ya miƙo takardar da ba ya gane ko baƙi ɗaya a cikinta, abin da bakinka ya faɗa shi ne abin da ɗansa ya faɗa. Abin da na mallaka a duniya ke nan. Ba ni da shanu, gonata ba ta kai ta kowa ba.

Kaka ta biyu bayan farin, gero ya yi kyau, mutane sun fara dariya da dukan haƙora, sai tsuntsayen jan-baki suka zo. Wanda bai san su ba sai ya ce hayaƙin gobara ne ya taso daga gabas. In suka sauka a gona, kafin ka ɗaura wando ka fito sun bar zangarniya tsirara. Mata da maza a kan rumfa tun fitowar rana, ana kaɗa gwangwani, ana jifa da majaujawa, ana ihu har murya ta dishe. Da yamma su koma cikin bagaruwar bakin tabki, rassa na lanƙwasawa don nauyinsu.

A cikin haka mota ta kawo wani Nasara da Shef. Nasaran saurayi ne dogo, wuyansa ja kamar na zakaran da aka fige. Ya ce, ta bakin Shef, yana so ya san ko gwangwanin nan da ihun suna tsorata tsuntsun da gaske, ko kuwa tashi kawai yake yi ya sauka a gonar maƙwabci. Tsuntsu ba ya magana, in ji shi, amma in ya tsorata jikinsa yakan ƙara zafi, zafi kuwa ana auna shi. Kafin ya shiga gonaki sai ya fara sanin zafin tsuntsu sa'ad da hankalinsa ke kwance, da yadda zafin ke hawa in an firgita shi. Yana neman mutumin da ya iya riƙon tsuntsu, ya kuma iya rubutu. Maigari bai ko waiwaya ba ya nuna ni, don kowa ya san ubana ɗan tarko ne.

Aikin ba wuya. Ana kafa raga siririya kamar saƙar gizo tsakanin sanduna biyu a bakin tabki, inda suke saukowa shan ruwa da hantsi. Tsuntsu ya faɗa, ka cire shi, ka sa masa tarmometir, wani ɗan tsinken kwalba, a dubura. Ka rubuta lambar a kaye. Ka jefa shi cikin 'yar jakar ƙyalle, ka duba agogo, bayan minti goma ka sake aunawa, ka rubuta ta biyu kusa da ta farko. Sannan ka buɗe hannu ya tafi. Sakin nan shi ya fi ɗaure wa mutanen garinmu kai.

Wanzaminmu, wanda muka taso tare, ba ya bari in wuce rumfarsa lafiya.

"Likita, yaya majinyata? An ce ta baya kake duba su."

"In ka gama askin ka zo, akwai sauran tsinke ɗaya."

"Ni abin da ban gane ba, ku kama ɓarawon hatsinmu, ku tambaye shi ko yana zazzaɓi, ku sallame shi. Kuna ba su kinin ma, ko sai sun dawo jibi?"

Ana dariya, ni ma ina yi. Wannan dariyar ba ta rage mini komai ba. Wanda ya gama tsokanata da safe shi zai kawo mini wasiƙa da yamma.

Maganar Nasaran kuwa ba sabuwa ba ce a wurina, tsinken ne kaɗai sabo. Mahaifina kurciya yake kamawa da tarkon izgar doki, kuma kullum akwai guda da yake ɗaurewa a bakin tarkon don ta yi kuka 'yan'uwanta su sauko. Ba kowace kurciya ke wannan aikin ba. In ya kama sababbi yakan riƙe kowace a tafin hannu, ya sa ɗan yatsa a ƙirjinta, ya taɓa ƙafafunta. Ya nuna mini tun ban kai in riƙe baka ba: tsuntsun da ya tsorata, ƙirjinsa wuta, ƙafarsa sanyi kamar an tsamo ta daga randa. Wadda ƙafarta ta yi ɗumi a hannu cikin kwana uku, ita ake ajiyewa. Wadda ta ci gaba da sanyi, tukunya, don in ka ɗaure ta ba kira za ta yi ba, firgita sauran za ta yi. Shi ya koya mini kada inuwata ta faɗa wa tsuntsu, in rufe masa ido da babban yatsa, in fara warware ƙafa, sannan fiffike, kai a ƙarshe. Kafin jan-baki ya gama gane abin da ya same shi na cire shi na auna.

Sati guda muna yi tare, zazzaɓi ya kayar da Nasaran. Aka kai shi Damagaram. Ya bar mana raga biyu, tsinke biyu, kaye biyu, ya ce kowa ya riƙe gefe ɗaya na tabkin har ya dawo.

Shef ya zaɓi gefen da ke da gawo. Ya sa aka ɗauko masa tebur da kujera daga gidan maigari, ya kafa biro a inuwa, taku arba'in daga ragarsa, don akwai laka kuma akwai takalmi. Ba ya tashi don tsuntsu ɗaya. Sai raga ta cika, goma, sha biyar, suna rataye suna fisge-fisge tun ɗazu, sannan ya kashe sigari, ya naɗe ƙafar wando, ya je yana taka ƙasa kamar mai tsallake kashi. Ya fisgo su ta kai ta wuya, ya zuba a buhu ɗaya, ya dawo tebur, ya goge hannu, ya fara awo ɗaya bayan ɗaya da kyakkyawan rubutunsa. Rubutu kam yana da shi, ban hana masa ba. Har layi yake ja da ja.

Ni ina ɗaya gefen, tsugune cikin ciyawa kusa da sanda, gwiwa a laka, kaye cikin hula don kada ya jiƙe. Tsuntsu na taɓa raga ina kansa. Saboda haka lambata ta farko kullum ƙasa take, ta biyu ta hau. Tasa kuwa ta farko a sama, ta biyu a sama, kusan ɗaya. Ina za ta hau? Tsuntsun da ya yi rabin awa yana rataye ta ƙafa, aka cusa shi a buhu da 'yan'uwansa, ai ya gama tsorata duk tsoron da Allah ya halitta masa.

Na gaya masa sau ɗaya, da ladabi, har da durƙusawa.

"Shef, waɗannan fa tun a raga suka firgita. Taɓa ƙafar wannan ka ji."

Bai taɓa ba. Ya dube ni daga laka har hula.

"Kai, a wane aji ka tsaya?"

"Na biyar, Shef."

"To, ka koma gefenka."

Na koma. Sati uku muka yi haka.

Nasaran ya dawo ya rame, idonsa rawaya. Ya zauna a bakin mota ya buɗe kaye biyu a cinya, nawa mai tabon laka da kashin tsuntsu, na Shef fes. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya daɗe. Wawa ma ya san ɗaya daga cikinsu aikin banza ne. Shef ya san na wane ne, shi ya sa bai bari Nasaran ya buɗe baki ba. Ya fara zuba Faransancin Yamai da sauri, ina tsintar rabi. Na ji "bai gama lakwal ba". Na ji "ba ya iya karanta tsinken". Na ji "kwana yake yi a ciyawa".

Nasaran ya juyo ya tambaye ni yadda nake awo. Faransancin da nake karanta wasiƙa da shi a zaune cikin natsuwa, ranar nan ya gudu ya bar ni. Na yi ta kame-kame, na koma Hausa. Na ce ina aunawa da tsinke kamar yadda ya nuna, nan take, kuma ina taɓa ƙafar da hannu in tabbatar, don ubana ya koya mini. Shef ya yi dariya, ya ɗauki rabin maganar ya miƙa wa Nasaran, ya ce ga shi da bakinsa, da hannu yake awo irin na ubansa. Na gane abin da ya faɗa sarai. Na ce a'a, a'a, ina nuna tsinken. Nasaran ya shafa goshi. Ya gaji, yana jin jiri, kuma ɗayanmu yana da takarda mai hatimi. Bai ce mu je bakin tabki kowa ya auna a gabansa ba, abin da ba zai ci masa rabin hantsi ba. Mutum ya ƙetare teku don ya san gaskiyar tsuntsu, ya kasa taka taku ɗari don ya san ta mutum.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Kora ce, an kori waɗanda suka fi ni. Amma Shef ya ce tunda maigari ne ya ba da ni, dole a mayar da ni hannun maigari, haka tsari yake. Ya jira aka sallame la'asar. Ya yi jawabinsa da Hausa, a hankali, don kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, mun nemi mai rubutu, ka ba mu wannan. Abin da ido bai gani ba shi yake rubutawa. Mutum irin wannan, in ya riƙe takarda, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki da abin da ya ƙara."

Nasaran yana tsaye yana kallon takalminsa. Maigari ya ce Allah ya kyauta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya yake yi," amma wa zai duba? Kayen yana hannunsu, kuma a duk taron nan, in ka cire Nasaran, ba mai iya karanta shi sai ni da wanda ya ƙaryata ni.

Ba wanda ya ce mini komai daga baya. Wanzami ma ya daina tsokanata, sai gaisuwa, kuma a nan na gane abin ya yi nisa.

Ranar Juma'ar da ta biyo, gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta goya ni, ta kawo wasiƙar ɗanta daga Ikko. Na karanta mata, yana lafiya, ya sami aikin gadi, zai zo da azumi. Ta yi godiya, ta ba ni goro. Ranar kasuwar Dogo-Dogo na hango ta a ƙofar lakwal, ta taka duk nisan nan da ciwon gwiwarta, malamin lakwal yana riƙe da takardar nan yana karanta mata. Ta ɗago muka haɗa ido.

"Gwaggo, ya ce wani abu daban?"

"A'a ɗana, duk ɗaya ne. Na ce dai a sake duba mini, ko ka tsallake wani layi don kada raina ya ɓaci."

Duk ɗaya ne, amma ba ta sake kawo mini ba. Sauran ma haka. Wani ya ce ya ga ina da aiki, wani ya ce dama zai je kasuwa. Kafin damina wasiƙun garinmu sun koma bin jaki zuwa Dogo-Dogo. Na sauko da tarkunan mahaifina daga rufin ɗaki, na koma kamun kurciya.

Shekara uku bayan haka, da bazara, ina zaune a kasuwar Magariya da kwandon kurciyoyi a gabana, sai mobilet, ɗan ƙaramin babur, ta tsaya. Shef ne. Ya yi tumbi, takalmin dai na nan.

"Malam, ashe kana nan. Na aika garinku aka ce kana kasuwa."

Yau ni ne Malam. Ban tashi ba.

Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba a bakin tabki, ya rage murya. Wai Nasaran ya rubuto daga ƙasarsu. Ya nuna wa manyansa kaye biyun, sun ce irin awon mai lakar nan suke so, nan take a bakin raga. Za a dawo da aikin da kaka, Shef zai shugabance shi, amma an ce lallai a nemo mutumin nan na farko. Ya faɗi wannan yana kallon kurciyoyina.

"Ka ga abin da ya wuce ya wuce. Aiki ne, kowa yana kuskure."

"Kuskuren wa?"

"An yi rashin fahimta."

Na ce, "To, na ji. Zan yi aikin. Ka zo garinmu, gindin kukar nan, bayan la'asar. Ka faɗa da Hausa, a hankali, yadda ka yi wancan karon, cewa kayena gaskiya ne, kai ne ka yi ƙarya. Ka jira gwaggona ta fito, tana da ciwon gwiwa, takan daɗe."

Ya yi murmushin 'yan biro.

"Haba Malam. Ka san matsayina yanzu. Ba zai yiwu in tsaya gaban ƙauyawa in faɗi haka ba. Amma zan rubuta maka takarda, da hatimi, ka kai musu."

"Wa zai karanta musu? Ni?"

Ya miƙe yana kaɗe gwiwar wando, ya ce in yi tunani, kada fushi ya hana ni cin abinci, aikin nan in ba ni za a iya fasa shi gaba ɗaya. Sannan ya miƙo hannu mu yi sallama, don mutane sun fara tsayawa, mai gishiri da mai tabarma sun bar ciniki suna saurare. Na tashi na karɓi hannun. Rana tsaka, bazara, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, gumi na bin wuyansa, amma yatsunsa sanyi ƙalau. Ya ja, ban saki ba.

Na ce, "Shef, hannunka ya yi sanyi. Ba ni da tsinke yau, da hannu nake awo, irin na ubana, kuma ga abin da na samu: tsoro kake ji. Tsoron kuma ba na yau ba ne. Tun ranar da aka buɗe kaye biyu a bakin mota kake rataye a raga, ka ga in ba ka jefa ni ciki ba kai za a kora. Na riƙe tsuntsu ya fi dubu a hannun nan, kowane ya tsorata, amma ban ga wanda ya yi wa ɗan'uwansa ƙarya don a sake shi ba. Ubana kwana uku yake ba kurciya ƙafarta ta yi ɗumi. Kai shekara uku aka ba ka. Da kurciya ce kai, ko a bakin tarko ba zai ɗaure ka ba. Kukar tana nan inda ka bar ta, la'asar kuma kullum ana yi. In ba za ka zo ba, ka je ka sa tebur a inuwa ka auna su da kanka."